Adasar Kawu tana nan da ranta, tawa ta shekara huɗu ta mutu

Salamu alaikum jama'a. Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne yayi yawa, kun san in aka yi hutun makaranta a nan Jidda to lokacin biki ya kama, kusan kowane daren Alhamis da Juma'a akwai inda ake ɗaurin aure ko walima. Amma yau dole na zauna na rubuta wannan don abin ya tsaya min a rai, in ban faɗa ba bazan samu sukuni ba.

Kwanakin baya muna wata istiraha, wato gidan da ake haya don biki, can wajen Harazat, bikin ɗan wani dattijonmu ne ɗan asalin Katsina wanda kakansa da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ni ina ɓangaren maza, ƙanwata tana ɓangaren mata da tata kyamarar, don a nan namiji baya leƙa wajen mata ko da shi ne mai hoto. Wajen sha ɗaya na dare ango ya shigo, an yafa masa mishlahi, irin alkyabbar nan ta Larabawa, baƙi mai zaren zinare, abokai sun kewaye shi, turaren wuta na tashi, na ɗaga kyamara na murɗa zum in jawo fuskarsa kusa, sai naji wani ɗan ƙara ƙis a cikin adasar, allo yayi baƙi, rubutu ya fito wai kyamara bata ganin adasa. Na kashe na kunna. Na cire batir na mayar. Na kwance adasar na goge 'yan ƙarafan gindinta da gefen rigata na sake ɗaurawa, shiru. Ga ango yana tahowa, ga baban ango yana kallona yana min alama da hannu in matso, wallahi zufa ce kawai take keto min, innalillahi nake ta maimaitawa a zuci.

Ga waɗanda ke gida, adasa ita ce idon kyamara, wannan gilashin na gaba da ake cirewa a ɗaura wani, mu a nan bakinmu ya saba da sunan da Larabawa ke kiranta. Tawa ɗinnan shekara huɗu kenan da na saye ta sabuwa dal a kwali, da rasit da takardar garanti, kuma ba ƙaramar adasa bace irin wadda ake haɗowa da kyamara kyauta, sai da na yi wata bakwai ina tara kuɗinta. Bata taɓa faɗuwa ba, ruwa bai taɓa zubar mata ba.

Abin da ya cece ni a daren nan shi ne wata tsohuwar adasa da take kwance a aljihun jakata naɗe cikin safa. Ta Kawuna ce, Allah ya jiƙansa. Nikkor ce ƙirar Nikon mai milimita 50, f/1.4, wato lambar iya buɗewar ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, cikin jerin nan da ake kira AI-S da suka fara fitowa a 1981. Kawu ya saye ta tare da kyamarar FM2 tun ban zo duniya ba, lokacin yana aiki a wani situdiyo kusa da Bab Makka yana ɗaukar hoton iƙama, wato takardar zama ta baƙi, da na fasfo da na alhazai masu son tafiya gida da hoton tunawa. Na ɗaura mata adafta mai haɗa ta da gindin kyamarata, na maƙala a kyamara, na buɗe ta zuwa 2.8, na fara murza fokas da hannu. Da ita na ƙarasa bikin har biyu da rabi na dare. Na rasa wasu hotuna, gaskiya ne, wajen da samari ke rawa hannuna bai iya binsu ba, kuma hoton taro sai da na ja da baya har na jingina da katanga don babu zum. Amma hoton ango da babansa sun haɗa goshi, wanda yanzu yake rataye a majalisin gidansu, adasar da ta haura shekara arba'in ce ta ɗauke shi.

Washegari Asabar na kai mara lafiyar wajen wakilin kamfanin. Bazan kama suna ba, don ba su kaɗai bane, duk kanwar ja ce. Garanti ya ƙare tuntuni. Suka riƙe ta kwana tara sannan suka kira ni sukace ɓangaren da ke buɗe ƙofar haske ne ya lalace, kuma basa gyara shi, ɗungurungum ake cire shi a sa sabo, kuɗin ya haura rabin abin da na saye ta har da dariba, wato harajin VAT, ga shi ma babu kayan a ƙasa sai an yi oda, kuma basu da tabbacin yaushe zai iso tunda an fito da sabon samfuri. Yaron da ke kan kanta, mai ladabi ne ba laifi, yace min a hankali shawararsa in sayi sabuwar kawai. Na karɓi abata na fito.

Daga nan na wuce Balad, tsohon garin Jidda, wajen Baba mai gyaran adasa. Duk mai hoton da ya daɗe a garin nan ya san irin waɗannan dattawan, 'yan kaɗan ne suka rage. Shi wannan namu ne, Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno da ke bakin kogi kusa da Sinnar, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa in kaji ta sai ka ce kakanka ne yake magana, akwai kalmomin da mu mun manta da su shi har yanzu da su yake hira. Shagon nasa bai fi ɗakin wanka girma ba, tebur ɗaya, fitila mai wuya, gilashin ƙara gani da yake ɗaurawa a goshi, da gwangwanayen alawa cike da ƙananan sukurori kowanne da rubutu a murfi.

Na gaishe shi na durƙusa, yace ɗana me ya samu idon naka. Na miƙa masa. Ya girgiza ta kusa da kunne, ya murɗa zum gaba da baya sau biyu, yace zauna, fileks ne. Ko buɗewa bai yi ba tukuna.

Na zauna ya aika aka kawo mana shayi, ya shimfiɗa farin ƙyalle ya fara kwancewa. Ni ban taɓa ganin cikin adasar zamani ido da ido ba sai ranar. Daga waje ƙarfe ne a gindi, mai ƙyalli, ka ɗauka har ciki haka take, amma yana cire sukurori huɗun nan sai ga shi ashe a cikin roba suke ɗaure. Ƙarƙashinsa wani koren faranti zagayayye cike da 'yan ƙananan abubuwa irin na cikin wayar hannu, daga shi wasu siraran zirara masu ruwan zuma, su ne fileks ɗin, sun nutsa ciki kowanne ya nufi nasa wajen, ɗaya wajen moton fokas, ɗaya wajen mai hana rawar hannu, ɗaya wajen ƙofar haske. Ya sa ɗan hantsaki ya zaro na ƙarshen ya ɗora min a tafin hannu. Wallahi kaurinsa bai fi ɓawon albasa ba, faɗinsa kamar rabin farcen ƙaramin yatsa, a jikinsa layukan jan ƙarfe sirara kamar gashi. Ya ba ni gilashin goshinsa yace duba nan inda ya lanƙwashe. Na duba, sai ga tsaga, layi biyu sun rabu.

Yace ɗana duk sanda ka murɗa zum wannan abin sai ya naɗe ya miƙe, ya naɗe ya miƙe, kai a biki ɗaya sau nawa kake murɗawa? Nace Baba ai ba ya ƙirguwa. Yace to ɗauki waya ka dinga lanƙwasa ta waje ɗaya kaga ko zata kwana. Ga zafin ƙasar nan da ke busar da ita ta yi tauri. Gilasan da ke ciki goma sha wani abu duk lafiyarsu ƙalau, zasu iya shekara ɗari, amma wannan ɗan ɓawon albasar shi ne ranta.

Sai yace ina ta Kawun naka, don ya san ta, shi ya taɓa wanke ta tun Kawu na da rai. Na zaro ta daga safa. Yace bari in nuna maka wani abu, ai dama lokacin giris ɗinta yayi. Cikin minti kaɗan ya raba ta, kuma abin da ke ciki ba wani abu bane mai yawa, gilasai bakwai a gidajensu na ƙarfe, zoben da ke riƙe kowanne mai zare ne ana kwance shi a ɗaure, ganyayyakin ƙofar haske siraran ƙarfe da wani ɗan sifirin ke ja, sai kuma zaren fokas ɗin, ƙarfe biyu masu zare suna shiga cikin juna kamar murfin kwalba, giris a tsakaninsu. Ka murza zobe, gilashi yayi gaba ko baya, shikenan. Babu waya ko ɗaya, babu batir, babu abin da zai ƙone. Yace wannan in sukuru ya ɓata zan samo a gwangwani, in sifirin ya karye zan naɗa wani da hannuna, in giris ya bushe in wanke in sa sabo, in funfuna ta kama gilashi in cire in goge. Wanda ya ƙera ta ya san wata rana wani zai buɗe ta, shi ya sa ya bar masa hanya. Waccan kuma, ya nuna tawa da haɓa, wasu gilasan nata a cikin roba aka narke su aka manne da gam, ko ƙura ce ta shiga tsakani babu ta inda zan bi.

Maganar nan tashi ita nake ta juyawa har yau. Da ina cikin masu cewa matsalar kawai roba ce, an daina ƙarfe an koma roba. Yanzu na gane ba nan gizo ke saƙa ba.

Yadda abin ya faro kuwa sananne ne. A 1985 Minolta ta fito da kyamarar nan 7000 mai yin fokas da kanta, kasuwa ta rikice, kowa ya bi. A 1987 Canon ta ajiye tsohon tsarinta gaba ɗaya ta fito da EOS, inda babu wani ƙarfe da ke motsi tsakanin kyamara da adasa, komai da lantarki suke magana, moto kuma a cikin adasar yake. Nikon ita ta riƙe gindinta na F da take amfani da shi tun 1959, shi ya sa adasoshinta na da suka daɗe suna hawa kyamarori sababbi. To da zarar ka ce ɗan ƙaramin moto ne zai tura gilashi cikin ƙiftawar ido, dole abin da zai tura ya zama mara nauyi kuma sakakke, ba zai iya jan wancan zaren ƙarfen mai giris ba. Daga nan roba ta shigo ciki. A 1995 aka ƙara mai hana rawar hannu, wato wani gilashi da ke lilo a tsakiya maganaɗisu na riƙe da shi, wasu adasoshin in ka girgiza su a kashe kana jin shi yana ƙwal ƙwal. Kowane ƙari da amfaninsa, ban musa ba, amma kowane ƙari wata sabuwar ƙofa ce ta lalacewa.

Kuma ba duka ne dole ta sa ba, akwai inda tsabar rage kuɗin ƙira ne. Misalin da masu hoto suka fi sani shi ne 'yar ƙaramar 50 f/1.8 ta Canon. Ta farko da ta fito a 1987 gindinta ƙarfe ne, da 'yar taga mai nuna nisa. A 1990 aka fito da ta biyu, gilasan kusan iri ɗaya, amma gindi ya koma roba, taga ta ɓace. Sai a 2015 da suka fito da mai moton da suke kira STM suka dawo da gindin ƙarfe. Har yanzu akwai masu neman ta farkon a kasuwar tsofaffi suna biyan kuɗi mai kyau.

Yanzu kuma da aka koma kyamarori marasa madubi, Sony ta fito da A7 a 2013, Nikon da Canon suka biyo da Z da RF a 2018, yawancin adasoshin zoben fokas ɗinsu ba ya haɗe da gilashi sam. Kana murzawa ne kawai yana aika saƙo, moto ne ke yin aikin. Cire adasar daga kyamara ka murza har gobe, babu abin da zai motsa. Ma'ana ranar da moto ya mutu ko faranti ya ƙone, ba zaka ce bari in lallaɓa da hannu in ƙarasa aikin ba, ta zama dutse. Wasu ma hoton da suke fitarwa a karkace yake a gefuna, manhajar cikin kyamara ce ke miƙar da shi kafin ka gani, kenan adasar rabinta gilashi ne rabinta manhaja, in babu kyamarar da ta san ta to bata cika ba.

Akwai abokina da muke aiki situdiyo ɗaya, yaro ne mai ƙoƙari, shi haihuwar Makka ne can Shari' Mansur, mun yi musu sosai a kan wannan muna cin ful da tamis bayan asuba. Yace Yaya kai dai son tsohon abu ne ya kama ka, ɗauki hoto da ta Kawu a 1.4 ka ɗauka da sabuwa ka buɗe a kwamfuta ka gani. Kuma gaskiyarsa ne. Sababbin sun fi kaifi nesa ba kusa ba, tun daga tsakiya har gefe, in fitila ta haska su kai tsaye basa yin hazo kamar na da, kuma bidiyo da muke yi yanzu wanda shi ne rabin abincinmu, ba zai yiwu ka bi amarya da ango da fokas ɗin hannu kana tafiya da baya ba. Yace roba mai kyau in ta faɗi tana shanye bugu, ƙarfe kuwa lotsewa yake ya cije zaren. Wannan ma haka ne, na taɓa ganin tsohuwar adasa da bakinta ya lotse filta ta ƙi shiga. Sannan ya kawo wadda ta fi ƙarfi, yace tsofaffin da kake gani yau waɗanda suka tsira ne, tarkacen zamaninsu an zubar tuntuni, kana gwada zaɓaɓɓun jiya da gama-garin yau.

Na yarda da duk wannan. Na ma ƙara masa da cewa na da ɗin suna da nasu ciwon, mai yana malalowa daga giris ya jiƙa ganyayyakin ƙofar haske su dinga nauyin rufewa, gam ɗin da ke haɗa gilashi biyu yana rabuwa ka ga gefe yayi kamar bakan gizo, wasu Takumar na Pentax ma gilashinsu rawaya yake komawa saboda sinadarin toriyam da aka zuba a ciki, sai an shanya su a hasken rana kwana da kwanaki kafin su washe. Amma nace masa duba duk ciwon da na lissafa, yawancinsu Baba zai warkar da su a teburinsa da sukurudireba da fetur ɗin wanki da haƙuri. Ciwon tawa fa? Ko ya samo fileks ya dasa, akwai saitin da sai an jona ta da kwamfutar kamfani, manhajar kuma ba a ba irin su Baba. Ba a nan kaɗai ba, a Amurka ma a 2012 Nikon ta sanar da daina sayar wa ƙananan masu gyara kayan gyara, aka yi ta surutu a kai. Kuma kowane kamfani in samfuri ya tsufa wasu shekaru yakan daina yin kayansa. Wato adasa ta zama kamar wayar hannu, tun ranar da ka saye ta an riga an ɗiba mata kwanaki, ba gilashin ne zai gaji ba, kayan gyaran ne zasu ƙare.

Abin da yasa wannan ke min ciwo, mu adasa jari ce. Wanda ke Turai yana canza kaya duk shekara biyu don sha'awa ba zai ji abin da nake ji ba. Ni kafin in sayi adasa ɗaya sai na lissafa sabunta iƙama tawa da ta iyali, kuɗin haya, abin da zan tura wa Hajiya a gida, ga dariba kashi 15 cikin ɗari da aka koma tun 2020 tana hawa kan komai har kuɗin gyara. A da dattawanmu a sana'ar nan cewa suke kyamara zata tafi amma adasa zata zauna, ka sa kuɗinka a gilashi. Kawu ya saya sau ɗaya, ya ci abinci da ita shekara da shekaru, ya aurar da 'ya'ya, ya bar min ita gado tana aiki. Ni me zan bar wa nawa ɗan? Kwali cike da adasoshin da babu kyamarar da zata tashe su?

Sannan mu ba nan zamu dawwama ba, kowa yana da ranar komawa. Ka ɗauki irin wannan adasar ka tafi da ita Kano ko Zinder ko Damaturu, fileks ya tsinke, wa zaka kai wa? Baba yake faɗa min 'yan uwansa masu hoto a Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 babu maganar wakili babu maganar oda, wanda kayansa na lantarki suka tsaya to sun tsaya kenan, masu tsofaffin adasoshi na hannu su ne ke ɗan lallaɓawa suna ɗaukar hoton takardu suna samun na abinci.

Ga kuma yanayin ƙasar nan da ba ya raga wa komai. Jidda ruɗuba, wannan danshin na Bahar Maliya da in ka fito da daddare a watan Agusta kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Ka fito da kyamara daga mota mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, nan take gilashi zai yi gumi, kuma ba na waje kaɗai ba har ciki, wannan gumin shi ke kiran funfuna, shi ke cin layukan jan ƙarfen nan a hankali. Makka kuma zafi, sama da digiri 45 a bazara ba labari bane, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka sosai. Robar da ke kan zoben zum sai ta saki ta dinga juyawa ita kaɗai, wata ta yi fari, wata ta yi danƙo tana manne maka a hannu. Ƙura kuma zum mai fita da shiga zuƙarta yake kamar zugazugin maƙera. An ce wasu an sa musu zoben roba na hana ƙura da ruwa, eh yana taimakawa, amma shi ma roba ne, yana tsufa. Adasar Kawu duk ta sha wannan, Jidda da Makka da Madina, shekara arba'in, abin da ta nema kawai giris sau uku.

Tun daga lokacin na canza wasu ɗabi'u, Baba ne ya sa ni. Bana barin jaka a mota ko na minti goma ne. In zan fito daga sanyi ina barin kyamara a cikin jaka a rufe kamar kwata ɗin awa ta saba da iskar waje kafin in buɗe. Na sayi akwatin roba mai rufuwa ruf na zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ɗan agogon awo, ina riƙe danshin tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. Kuma na daina wasa da zum in ina tsaye ina jira, da ɗabi'ata ce in dinga murɗawa ba dalili, ashe kwanan fileks nake ragewa.

Na kuma shiga Haraj Sawarik, kasuwar tsofaffin kaya, wata Juma'a da yamma, na yi ta tona tarkace wajen masu tsofaffin rediyo da agogo, na samu Helios 44-2, mai milimita 58, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat, mai ita bai ma ɗauke ta a bakin komai ba. Fokas ɗinta ya cije, Baba ya wanke ya sa giris, yanzu da yatsa ɗaya take juyawa. Abin daɗin shi ne kyamarorin nan marasa madubi da nake kuka da adasoshinsu, su ne kuma suka fi kowa karɓar tsofaffi, saboda tazarar gindinsu da sensa, ɗan faifan da hoto ke sauka a kai, gajeriya ce, milimita 16 zuwa 20, na da kuwa irin Nikon F 46.5 ne, don haka adafta ba komai bace illa bututun ƙarfe da ke cike tazarar, babu gilashi babu waya. Har yanzu kuma ana ƙera na hannu sababbi, Cosina a Japan tana yin Voigtländer ƙarfe zalla, 'yan Chana irin su TTArtisan da 7Artisans suna yin masu araha. Kenan ba iyawa aka daina ba.

Ƙanwata ita tace ba ruwanta, ɓangaren mata ba a tsayawa, amarya na shigowa ana guɗa ana watsa furanni fitilu na canza kala, in ta tsaya murza fokas an wuce ta. Ban ja da ita ba, nima ba zan ajiye otofokas ba, abincina ne. Abin da nake so kawai a ƙera shi yadda za a iya buɗewa, a sayar da fileks ɗin shi kaɗai, a bar wa mai gyara hanyar saiti. Na tambayi Baba ko yana da yaron da yake koya wa, yace biyu sun zo sun tafi gyaran waya, can ne kuɗi yake, kuma bai ga laifinsu ba tunda abin da ake kawowa yanzu rabi sai dai yace a kai wa wakili.

Fileks ɗin da ya yi min oda daga Chana ya iso bayan kwana ashirin da uku, ba na kamfani bane, kwaikwayo ne. Ya dasa, adasar ta tashi, ƙofar haske na buɗewa tana rufewa. Sai dai gefen hagu ya ɗan yi laushi in na buɗe ta duka, sai na rage zuwa 5.6 yake daidaita, yace wannan saitin ne da ba shi da na'urarsa. Na tambaye shi zata kai yaushe, yace ɗana shekara ɗaya ko biyu in ka lallaɓa ta, in Allah ya so. Na biya shi, ya ƙi karɓar na wankin ta Kawu, yace wannan tsakaninsa da marigayi ne.

Yanzu duk bikin da zan je su biyun nake ɗauka, ta Kawu ta bar cikin safa, na saya mata 'yar jakarta. Abu ɗaya ya rage mata, rumfar bakinta ta ƙarfe mai tare haske ta ɓace tun Kawu na da rai, HS-9 ake ce mata, bakin milimita 52 ne. Na duba Balad na duba Haraj ban samu ba. In akwai wanda ya gan ta wajen masu tsofaffin kaya a Makka ko Madina ko Riyad, ko wani mai zuwa Umara daga gida da yake da ita a ajiye, don Allah ya yi min magana, zan saya.